Iskar Hanyar Lyon

Tun da na dawo Damagaram ban sha ruwa da daɗi ba. Wannan ta shigo ta ce Hajiya yaya Faransa, waccan ta aiko a tambaye ni ko gaskiya ne karnuka na shiga mota da mutane. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya tun daga farko, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba. Amma in gaya muku tun yanzu, ban ga dogon ƙarfen nan na Paris da kuke tambaya ba. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba.

Ɗiyata ce ta kai ni, 'yar farina, wadda ke aure a Lyon. Kun san ba na faɗin sunanta, tun ranar da aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba, “ke” nake ce mata, ko “yarinyar nan”. Cikinta na farko ya lalace tana can ita kaɗai, ba uwa ba dangi. Da ta samu na biyu, likitoci suka ce aiki za a yi mata a ciro ɗan, sai ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa ta ce, “Inna, ni tsoro nake ji. Ina so in gan ki kafin su shiga da ni.” Ban ce mata komai ba ban da Allah ya raba lafiya, amma daga wannan rana ban ƙara cin abinci na ƙoshi ba.

Wahalar biza ba zan ɓata muku lokaci da ita ba. Na sha hawa kar, bas ɗin nan, zuwa Yamai har ƙafafuna suka kumbura, na hau jirgi ina salati, na sauka ina salati. A filin jirgin Paris ne 'yan duwan masu binciken kaya suka tare ni. Wata doguwar mata mai safar hannu ta buɗe jakata, ta ciro kilishin da na sa aka yi mini na musamman, ta ajiye gefe ta ce nama ba ya shiga. Na ce Madam, wannan ya bushe, ya daina zama nama. Ko kallona ba ta yi ba. Da ta kai ga ƙullin kanwa kuwa sai ta kira wasu maza biyu, suka tsaya suna jujjuya shi suna kallona kamar sun kama babbar ɓarauniya. Da guntun Faransancina na kasuwa na yi ta bayani, kunu ne ake damawa mai jego ta sha. Allah ya taimake ni ɗayansu ya kwance daddawa ya kai hanci. Nan take ya mayar mini da kayana duka ya ce in tafi, amma kilishi dai ya tafi ke nan, Allah ya isa.

Na sauka a Stains, a gefen Paris, wajen Hajiya Balki, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda ke sarin kaya tana aikowa gida. Gidajensu dogaye ne, mutum bisa mutum, maƙwabcinka na tari kana ji amma ba ka san sunansa ba. Na gaida wani tsoho a cikin asansar, akwatin nan mai hawa da mutane bene, na tambaye shi gida da iyali da gajiya, ya matsa jikin bango yana riƙe da jakarsa. Balki ta ce, “Ke, nan bonjur kawai ake cewa a yi shiru.” Ta kai ni Aubervilliers inda manyan shagunan sari suke, na sayi kayan jarirai da tawul da bargo, ina saye ina jin faɗuwar gaba, don ban saba sayen kayan ɗan da bai zo ba.

Yanzu ga maganar karaban, don ita ce tushen labarin. Gidan yarinyar a wata unguwa yake da ake kira Minguettes, ɗaki ɗaya ne da falo, banɗaki ɗaya. Da na ji haka tun ina gida na ce sam, ba zan yi zaman jego ina cin karo da surukina a ƙofar banɗaki ba. Shi kuwa yaron kirki ne, ɗan Tawa, yana aikin bincike a jami'a, kuma kunyarsa ta fi tawa. Sai ya nemo dabara: zai sayi tsohuwar karaban a hannun wani dattijo kusa da Paris, ya ajiye ta a filin da ake ajiye irinsu a bayan gari, ya riƙa kwana ciki har in gama. Karaban ɗaki ne mai taya da mota ke ja, da gado da murhu da firigo a ciki. A bisa rufinta an kafe pano biyu na hasken rana, irin dai wanda ke kan shagona yana cajin salula, sai dai waɗannan sun fi girma, kowanne ya kai ƙyauren ɗaki. Su ke ba da wuta idan an tsaya.

Ya zo da sassafe ya ɗauke ni, karaban na bayan mota. Ya durƙusa har ƙasa a bakin titi ya gaishe ni, Turawa na wucewa suna waiwaye. Ni ina kallon gabas, shi yana kallon takalminsa. Na so in zauna baya, to kaya sun cika kujerar, dole na zauna gaba kusa da shi, na ja mayafi na juya fuskata wajen taga. Shi ma sunansa ba na faɗi, Malam nake ce masa in ya zama dole, kuma ba ya cika zama dole ba. Balki ta leƙo ta taga tana dariya ta ce, “To, surukai, Allah ya ba ku abin hira.”

An ce mana sai ƙarshen mako za a yi aikin, don haka ba mu fito da gaggawa ba. Mun bar Paris ke nan, mun ɗauki tikiti a peyaji, ƙofar biyan kuɗin hanya, mun hau babban titin da suke kira otorut, sai wayarsa ta yi ƙara ta cikin lasifikar mota. Muryar yarinyar ce. Jininta ya hau, ta je a duba ta sun riƙe ta, sun ce yau da la'asar za su yi aikin. Ta ce, “Inna na kusa da kai?” Ya ce ga ta nan tana ji. Ta ce, “Inna, za ku iso?” Na ce in Allah ya yarda. Ya ce mata za mu kai kafin lokacin, ko da yake karaban ba ta barin a yi gudu. Ya kashe wayar, muka ci gaba da tafiya.

Ba mu yi nisa ba na fara jin ƙara daga baya. Ƙwas, shiru, ƙwas ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar kwano. Na yi shiru, don ba ni son in fara magana. To rana tana gefensa, inuwarmu ta faɗo gefena a kan ciyawar bakin hanya, kuma da yake fuskata na wajen taga, sai na ga inuwar karaban a madubi. Jama'a, akwai abu a kanta. Wani baƙin abu ne yake ɗagowa a hankali, ya tsaya, ya sunkuya kamar mai ruku'u, ya sake ɗagowa. Duk sanda ya sunkuya sai in ji ƙwas. 

Na daure na yi gyaran murya na ce, “Malam, ba ka jin wani motsi a baya?”

Ya ce, “Ina ji, Hajiya. Iska ce. Tun da muka fito take bin mu.”

Na ce, “Iska?”

Ya ce, “Ita ce. Mai karaban ɗin ma ya ce haka take yi masa in ya hau hanya. Kada ki kula ta.”

Ku da kuke 'yan gida kun san abin da na ji. Shi iskar da ke kaɗawa yake nufi, wadda ke kaɗa ganye. Ni kuwa da na ga abu yana ruku'u a kan rufi, kuma mai ilimi kamarsa ya ce tana bin mu, kada in kula ta, ai mutanen ɓoye na fahimta. Na ce a raina, wato dattijon nan ya san ɗakinsa da mai shi a ciki, shi ya sa ya rabu da shi. Kuma kun san ba a nuna su da yatsa, ba a yawan ambatonsu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda muka nufa: mace mai ciki ranar haihuwarta, ga mu mun ɗauko mata wannan a baya. Na ciro tasbaha, duk addu'ar da na sani tun ta allo na karanta, ina tofawa a kafaɗata a ɓoye. Har mamakin ƙarfin halin yaron nake yi, yadda yake tuƙi abinsa.

Can wajen Auxerre ya ratse zuwa wani wurin hutawa don ya sha mai. Ina fita na saci kallon saman karaban, ba komai, rufi lafiya lau, pano a kwance. Wannan ya ƙara tabbatar mini, don abin da ke ɓacewa in an tsaya ai ba na lafiya ba ne. Na shiga banɗakinsu, ba buta, sai takarda, Allah ya sa ina da gorar ruwa a jaka. Famfon ma ba shi da abin murɗawa, sai ka miƙa hannu ya zubo, ka janye ya ɗauke, na yi ta fama da shi wata yarinya na yi mini dariya. Surukina ya sayo mini dogon burodi da cuku mai sanyi a ciki, ya miƙo da hannu biyu. Mutanen nan a tsaye suke cin abinci, wasu suna tafiya suna ci, kuma ga kwano an ajiye na ruwan karnuka. Na karɓa na yi godiya, amma a gabansa ba zan iya tauna ba, kuma ko ba ya nan ba zai wuce mini ba. Shi ma kafe kawai ya kurɓa, bai zagaya karaban ɗin ba, hankalinsa na Lyon.

Da muka koma hanya sai abin ya ƙaru. Ƙasar ta zama tudu da gangare, kuma duk kamyo, wato babbar motar kaya, da muka gifta sai motar ta yi girgiza, karaban ta yi lilo, ƙarar ta koma gwaram gwaram. Rana ta hau tsaka, inuwa ta shige ƙarƙashinmu, na daina ganin mai ruku'u, sai ji kawai. Wallahi rashin ganin ya fi ganin tsoro. Sau nawa na buɗe baki in ce mu tsaya, sai kunya ta rufe shi. In ce masa me? Ya riga ya ba ni amsa, kuma suruka ba ta musu da suruki. Ga shi kuma duk tsayawa jinkiri ce, yarinya na can tana kallon ƙofa.

Mun wuce Beaune wayar ta sake ƙara. Wata ma'aikaciyar asibiti ce, tana zuba Faransanci da sauri, shi yana “wi, wi”, idonsa ya yi ja. Na tsinci kalma ɗaya biyu, na gane suna tambayar ko ya kusa. A daidai nan hanya ta yi kwana, na kalli madubi, sai wani abu ya haska mini ido. Kusurwar abu ce ta leƙo daga saman karaban ta gefena, baƙi mai sheƙi, da farin ƙarfe a bakinsa, da jar waya tana reto. Na ce a raina, yau ga aljani da wayar lantarki. Pano ne. Ya tsinke daga gaba, iska na shiga ƙarƙashinsa tana ɗaga shi tana bugawa da rufi, yanzu har ya karkace ya fara zamewa. A bayanmu kuwa motoci ne jere, har da wani mai babur.

Na ce, “Malam.” Bai ji ba. Na ƙara ce, “Malam.” Yana ta “wi Madam”. Na ga panon ya miƙe tsaye.

“Laminu, tsaya!”

Ban san sanda sunansa ya fita daga bakina ba. Yaron nan ya juyo ya kalle ni kamar an mare shi, ni ma karon farko ke nan da na kalli tsakiyar idonsa. Na ce, “Panon ne zai tashi, ka tsaya.” Allah ya ba shi natsuwa bai taka birki da ƙarfi ba, ya kunna fitilu ya gangara gefen hanya a hankali. Mai babur ya wuce yana nuna saman karaban yana girgiza kai.

Ya ba ni wata riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli na ɗora a kan leshina, ya ce doka ce, muka tsallake ƙarfen bakin hanya muka tsaya cikin ciyawa. Daga nan muka ga ɓarnar. Ƙafa huɗu ke riƙe da panon, uku sun fita, saura ɗaya da waya. Kusoshin nan masu murɗawa da suke kira bis, girgizar hanya ta yi ta sassauta su shekara da shekaru, ramukansu sun yi faɗi har yatsa na shiga. Wajen da yake bugawa rufin ya lotsa ya tsage. Na biyun bai tashi ba, amma gilashinsa ya farfashe, ɗan'uwansa ya yi ta dukansa. Na tuna mai babur, na zauna a ƙasa.

Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, “Tun yaushe kika gani, Hajiya?”

Na ce, “Tun safe nake ganin inuwarsa yana ɗagowa. Ai kai ka ce iska ce.”

Ya ce, “Iska ce mana.”

Na ce, “Wace iskar?”

Ya dafe kai da hannu biyu ya ce innalillahi. Yanzu in na faɗa kuna dariya, amma a wurin nan babu wanda ya yi ko murmushi.

A otorut ba a yarda ka hau rufi ka yi gyara da kanka ba, sai an kira masu janye mota. Muka tsaya jira, kamyo na wucewa suna kaɗa mini mayafi, rana na gangarawa ina kallonta. Da mutumin ya zo, wani ƙato mai jan gemu, ya ɗaure panon da igiya ya ja karaban zuwa garejinsa a wani ƙauye, muna biye. Ya ce abu ne da yake gani kullum, mutane na duba taya su manta da rufi, ko ɗan yatsa iska ta samu a ƙarƙashin pano ta gama da shi. Ya ce zai kwance duka biyun ya toshe ramukan don ruwa, amma sai mun jira, akwai aiki a gabansa. Surukina ya tsaya yana kallon karaban, yana kallon waya. Na gane abin da ke ransa: in ya bar ta, ba shi da wurin kwana, kuma ya yi mini alkawari.

Na ce, “Bar ta nan mu tafi.”

Ya ce, “To Hajiya, ina zan...”

Na ce, “A gidanka za ka kwana, ni in kwana a falo. Shiga mota.”

Ban san motar nan na da gudu ba sai da aka raba ta da karaban. Mâcon ta wuce kamar ƙiftawar ido. Amma a bakin Lyon muka tarar da cunkoso, hanya ta shige wani dogon rami a ƙarƙashin dutse, motoci suka tsaya cak, ga hayaƙi, ga waya ta ɗauke. A cikin ramin nan na yi kuka, na ja mayafi na rufe fuska, shi ma na ji yana jan hanci. Ina ta tunanin da na buɗe baki tun a wurin shan mai, da an ɗaure abin nan cikin ɗan lokaci, da yanzu ina zaune kusa da ita.

Da muka isa asibitin ko rufe motar bai tsaya yi ba. Muka hau asansar, muka bi wani dogon lungu mai warin magani, ni da kumburarrun ƙafafuna ina binsa da gudu-gudu. Ɗakinta ba kowa, gado ma babu. Wata ma'aikaciya ta nuna mana gaba. Can ƙarshen lungun na hango mutum biyu suna tura gado, sun kusa wata ƙofa mai faɗi, kan mai gadon da hular leda, fuskarta na kallon sama. Ma'aikaciyar ta tare ni da hannu ta ce daga nan ba a wucewa, miji kaɗai, shi ma sai ya sauya kaya. Idan na ce “ke”, mata nawa ne a asibitin nan? Ƙofar ta fara buɗewa.

Na ce, “Ramatu.”

Da ƙarfi na faɗa, har lungun ya amsa. Ta ɗago kai ta waiwayo, masu turawa suka dakata. Ta gan ni tsaye da rigar nan ruwan ɗorawa da na manta ban cire ba. Ta ɗaga hannun da ke da ƙarin ruwa, na ɗaga nawa, suka shige da ita.

Mace aka samu, lafiyayya, mai yawan gashi. Sauran labarin kun san shi: na dama kunun kanwa a tukunyar Turawa, na yi zaman falo, ni da surukina muka koyi yin tari kafin mu nufi banɗaki. Karaban kuwa har na taho tana garejin mai jan gemu.

Amma abin da ban gaya wa kowa ba sai yau shi ne da aka fito da ita, maganin barci bai gama sakinta ba, na zauna a bakin gadon ina gyara mata bargo. Ta kama bakin mayafina ta ce, “Inna, ashe kin san sunana.” Na ce ke, rufe ido ki huta. Ta ce, “Sake faɗi.” Na duba ƙofa, na ga mijinta ya tafi wajen jaririya, ba kowa sai mu biyu. Na sunkuya wajen kunnenta na sake faɗa mata.